Yadda na bi hanyar zama malamin yoga, daga ajin masu farawa zuwa satifiket na awa 200

Tambayar da aka fi yi mini tun da na fara koyar da yoga, wato tsarin motsa jiki da sarrafa numfashi mai asali daga Indiya, ita ce: wace hukuma ce ta ba ka izini? Amsar ba ta cika gamsar da mutane ba, domin babu wata hukuma guda a duniya da ke raba lasisin koyar da yoga. Abin da ke akwai abu uku ne mabambanta. Akwai makarantun da ke ba da satifiket bayan horo, akwai wata ƙungiya a Amurka da ke riƙe da rajistar sunayen malamai, sannan akwai jarrabawar da wata hukumar gwamnatin Indiya ke shiryawa. Kowanne da hanyarsa, da kuɗinsa, da abin da yake nufi, amma masu tallar makarantu sukan cakuɗa su wuri ɗaya har mutum ya zaci abu guda ne. Na sha wahala kafin na warware zaren, shi ya sa zan kawo abin bi da bi yadda ya same ni.

Ciwon ƙugu ne ya shigar da ni harkar. Aikina na zama ne gaban kwamfuta tun safe har yamma, har ta kai idan na sunkuya ɗaura igiyar takalmi sai na dafa bango kafin na miƙe. Likita ya sa aka ɗauki hoton bayana, ya duba ya ce babu karaya babu gocewa, ya tura ni wajen likitar fisiyo. Ita ta koya mini wasu 'yan motse-motse da ake yi a kwance, bayan na ɗan samu sauƙi ta ce mini, "Malam, sauran maganin ba na haɗiya ba ne. Ka nemi ajin yoga na masu farawa, kuma tun ranar farko ka gaya wa malamin inda ke maka ciwo." Daga baya na gane ba ra'ayinta ba ne ita kaɗai. A shekarar 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sanya yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu kafin a koma ga ƙwayoyi.

Da bidiyon YouTube na fara a ɗaki, kuma ya taimaka wajen cire mini kunya, amma bidiyo ba ya ganinka. Sai da na shiga aji na gaske wata malama ta tsaya a kaina ta ce in ɗan lanƙwasa gwiwa idan zan sunkuya, in daina jan kaina ƙasa da ƙarfin tsiya. Wannan gyara ɗaya ya fi duk abin da na kalla amfani. A nan ne kuma ruɗani na farko ya zo, ruɗanin sunaye: yau a ce hatha, gobe vinyasa, jibi ashtanga, wani aji kuma a ce na Iyengar ne. Malamar ce ta zaunar da ni ta nuna mini cewa da yawansu tushensu ɗaya. Wani malami mai suna Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989, ya koyar a fadar sarkin Maisur a kudancin Indiya a shekarun 1930. Cikin almajiransa akwai B.K.S. Iyengar, wanda ya zauna a birnin Pune ya mayar da hankali kan daidaita tsayuwar gaɓoɓi da amfani da bulo da ɗamara da bargo, akwai Pattabhi Jois mai tsarin ashtanga, inda ake bin jerin motsi guda ba a canzawa, ana haɗa kowane motsi da numfashi. Akwai Indra Devi da ta kai abin Hollywood, da Desikachar, ɗan shi Krishnamacharya ɗin, da ya fi karkata ga tsara wa kowane mutum abin da ya dace da jikinsa. Da na san wannan sai sunayen suka daina ba ni tsoro.

Ban shiga da niyyar koyarwa ba. Bayan na shekara biyu da wani abu ina zuwa aji, malamar ta fara sa ni in jagoranci ɗumama jiki na 'yan mintocin farko idan tana fama da sababbin zuwa. Ita ce ta fara ambata mini horon malamai, ta kuma ce dalilinta shi ne na daɗe ina yi kuma ban manta yadda ƙugu mai ciwo yake ji ba. Ta ce waɗanda aka haifa da laushin jiki su suka fi shan wuya wajen koyarwa, saboda ba su taɓa sanin me ya sa wani ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa ba.

Da na shiga intanet neman makaranta sai na faɗa cikin tekun haruffa: RYT, RYS, E-RYT, awa 200, awa 300, awa 500. Ga abin da suke nufi a taƙaice. Yoga Alliance ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a Amurka a 1999. Ba ta koyarwa, ba ta yin jarrabawa, ba ta ba da satifiket. Makarantu ne ke kai mata manhajarsu, idan ta ga ta cika sharuɗɗanta sai ta sa makarantar a rajista a kira ta RYS. Wanda ya gama horo a irin wannan makaranta yana da damar biyan kuɗi a sa sunansa a jerin malamai, ya riƙa rubuta RYT 200 bayan sunansa. Idan ya ƙara horon awa 300 a kai yana iya zama RYT 500. Harafin E da ake ƙarawa a gaba alamar gogewa ce: a matakin 200 sai mutum ya koyar na awa 1,000 kuma an yi shekara biyu da gama horonsa. A tsarin da ƙungiyar ta sabunta, an kasa awa 200 ɗin kamar haka: 75 na aikin jiki da numfashi da natsuwa, 30 na ilimin sassan jiki, 30 na tarihi da falsafa da ɗa'a, 50 na dabarun koyarwa da sha'anin sana'a, sauran 15 makaranta ta cike da abin da ta ga dama. Na rubuta waɗannan lambobi a takarda, kuma da su na riƙa auna kowace makaranta.

Wata hanyar kuma ta gwamnatin Indiya ce, kuma ba a cika tallarta ga baƙi ba. A 2014 ƙasar ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da hanyoyin lafiya na gargajiya, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya. A ƙarƙashin ma'aikatar akwai hukumar da ake kira Yoga Certification Board, wadda ke yin jarrabawa ta gaske, ta rubutu da ta aiki, mataki-mataki, kuma ana faɗuwa. Wanda ke son aiki a Indiya ko a wuraren da ke neman shaidar gwamnati, wannan ta fi masa nauyi. Ni da na tambayi wuraren motsa jikin da nake fatan koyarwa, Yoga Alliance kaɗai suka sani, don haka na zaɓi makarantar da ke cikin rajistarta. Na kuma shiga shafin ƙungiyar da kaina na nemi sunan makarantar, ban tsaya ga tambarin da suka manna a tallarsu ba, domin tambari kowa na iya kwafowa.

Akwai wata tambaya da ta fi ta kuɗi damuna, ita ce ta aƙida. Yoga ya fito ne daga al'adun addinan Indiya, kuma duk wanda ya ce maka babu ruwansa da wannan tarihi bai faɗa maka gaskiya ba. Malamai ma sun yi sabani a kai. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin sa, a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wanda ke ɗauke da waƙe-waƙen bauta da ibadun Hindu ta bar na motsa jiki zalla, a 2017 kuma Saudiyya ta sanya shi cikin wasannin motsa jiki da aka amince da su. Ba ni da hurumin yi wa kowa fatawa, abin da na yi kawai shi ne na tambayi malamin da na amince da shi, na san iyakata, sannan na rubuta wa makarantu uku wasiƙa na tambaye su dalla-dalla: shin rera mantra, wato baitocin addini, wajibi ne, shin dole a halarci bikin wuta na buɗe horo, shin jadawalin zai bar ni in yi ibadata a kan lokaci? Ɗaya ba ta amsa ba. Ɗaya ta amsa da zaƙin baki ba tare da ta ce e ko a'a ba. Ta ukun ta ce babu tilas a ko ɗaya, sai dai za a tambayi ma'anar wasu baitoci a jarrabawar rubutu. Ita na ɗauka, na kuma adana wasiƙar.

Makarantar tana Rishikesh, a jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, inda kogin Ganga ke gangarowa daga tsaunukan Himalaya. Garin ya cika da makarantun yoga, kuma sunansa a wannan fanni ya daɗe, domin tun 1936 Swami Sivananda ya kafa ƙungiyarsa ta Divine Life Society a can. Farashin da na gani na horon awa 200 haɗe da ɗaki da abinci ya fi yawa tsakanin dala 1,000 zuwa 2,000, abin da ya yi ƙasa da na Turai da Amurka ko da an haɗa da kuɗin jirgi a wasu lokutan. Aka nemi in tura kafin alƙalami domin a riƙe mini gurbi, sauran in biya idan na iso. Kafin alƙalamin ba a mayarwa, amma na sa suka rubuta mini cewa idan biza ta ƙi fitowa za a ɗage mini zuwa wani watan. Bayan na tura suka aiko mini da rasit da wasiƙar karɓa mai ɗauke da adireshi da ranakun farawa da gamawa.

Biza ce ta fi cin lokaci. Indiya tana da bizar intanet, kuma gajeren horon yoga yana cikin abubuwan da bizar yawon buɗe ido ta halatta, amma ba kowace ƙasa ce ke cikin jerin masu wannan gata ba. Ni ta ofishin jakadanci na bi. Na cike fom a intanet na buga shi a takarda, na haɗa da fasfo mai sauran aƙalla wata shida da shafuka biyu da ba a buga wa hatimi ba, da hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida mai farin baya, da bayanin asusun banki, da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da wasiƙar makarantar. Na yi zaman jira na rabin yini kafin a kira lambata, tambayoyin kuwa ba su wuce na minti biyar ba: me za ka je yi, wa zai biya, yaushe za ka dawo. Jiran fitowar ce ta hana ni barci, domin ranar fara horo tana matsowa. Abu biyu ya kamata a sani a nan. Bizar da ake mannawa a fasfo tana fara ƙirga kwanakinta daga ranar da aka ba da ita, ba daga ranar da ka sauka ba, don haka neman ta da wuri sosai ma matsala ne. Na biyu, duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara sai ya nuna katin rigakafi a filin jirgi, in ba haka ba ana iya killace shi na kwana shida. Bizar kuma ba ta ba ka damar koyarwa don a biya ka a can ba.

Na sauka a Delhi na kama jirgin ƙasa na safe zuwa Haridwar, tafiyar da ba ta kai awa biyar ba, daga nan mota ta ƙarasa da ni kilomita kusan 25 ɗin da suka rage. Wanda ke da hali zai iya hawa jirgin sama zuwa filin Jolly Grant na Dehradun, ya fi kusa. A ofishin makarantar suka karɓi fasfo suka kwafi shafin hoto da na biza, saboda doka ta wajabta wa duk mai saukar baƙon ƙasar waje ya cike wata takarda da ake kira Form C ya aika wa hukuma. Na biya ragowar kuɗin, na nemi rasit, aka ba ni tabarmar roba, da littafin darasi, da wata 'yar butar wanke hanci. Na sa 'yan rupi a aljihu don ƙananan sayayya, domin 'yan gari da waya suke biyan kusan komai, baƙo kuma ba ya samun wannan da sauƙi. A ranar ne na ga abin da bai yi mini daɗi ba: an ce mini ajin ba zai wuce mutum goma sha biyar ba, sai ga shi mun kusa ninka haka. Na yi magana, aka ba ni haƙuri, ba abin da ya canza.

Washegari aka yi bikin buɗewa. Aka hura wuta a tsakar gida ana zuba mata hatsi da man shanu ana rera baitoci, ana ɗiga wa kowa jan kwalli a goshi. Na zauna daga baya, da mai ɗigawar ya iso kaina na ɗora hannu a ƙirji na girgiza kai, ya yi murmushi ya wuce. Ba ni kaɗai ba ne, akwai wata Kirista daga Kudancin Amurka da ita ma ta zauna gefe. Daga ranar jadawali ya kama, kwana shida a mako. Tashi tun kafin ketowar alfijir, a wanke hanci da ruwan ɗumi mai gishiri, abin da suke kira jala neti, sai darasin numfashi, sai awa ɗaya da rabi na hatha kafin a karya. Da hantsi falsafa da ilimin sassan jiki, bayan azahar dabarun koyarwa, da yamma ashtanga mai fitar da gumi, da daddare zaman natsuwa. Garin ba a sayar da nama ko giya a cikinsa, abincin makarantar kuwa shinkafa ne da miyar wake da ganye da gurasar chapati, babu albasa babu tafarnuwa. Makon farko cikina ya yi bore, kamar na mutane da yawa. Ruwan famfo ba na sha ba ne, birai kuma suna fizge duk abin da ka riƙe a hannu a bakin gadar Ram Jhula.

Darasin falsafa ya ba ni mamaki fiye da komai. Wani dattijo ne ke koyarwa, ɗalibai na ce masa Guruji, ni kuma a zuciyata Malam nake kiransa. Ya ɗauko littafin Patanjali, tsohon littafin falsafar yoga, wanda ke da gajerun jimloli 195 ko 196 gwargwadon bugun da ka riƙe, ya nuna mana cewa uku kacal ne a ciki ke magana kan zaman jiki, kuma abin da suka nema shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi. Sauran duk kan tarbiyyar zuciya ne. Cikin rukunai takwas da littafin ya jero, biyun farko halaye ne irin su barin cutarwa, gaskiya, barin sata, tsafta da wadatar zuci, sai na uku ne asana, wato zaman jiki, na huɗu numfashi. Ko littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 asana 15 kawai ya bayyana. Yawancin tsaye-tsaye da jujjuyawar da muke gani a hotuna yau sun bunƙasa ne a ƙarni na 20. Dattijon bai ɓoye wannan ba, ya ce malamin da ke gaya wa ɗalibansa cewa kowane motsi yana da shekara dubu biyar ƙarya yake sharara musu.

Ilimin sassan jiki kuwa, wanda shi ne ya fi shafar lafiyar waɗanda za mu koyar, shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Malamin yakan karanto abin da ke kan allo ya wuce, sunayen tsoka da ƙashi ba tare da an haɗa su da motsin da muke yi ba. Mu huɗu muka haɗa kai muna zama bayan abincin dare da wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin ajin, tana nuna mana a jikinmu inda tsokar bayan cinya ke manne da ƙashin zama, da dalilin da ya sa gwiwa ba ta son murɗawa, da yadda ramin ƙashin kwankwaso ya bambanta daga mutum zuwa mutum har wani ba zai taɓa iya zaman furen lotus ba, wato harɗe ƙafafu a ɗora su kan cinyoyi, komai daɗewarsa yana gwadawa. Wajen mako na uku gajiya ta kama kowa. Wuyan hannu na ciwo, wasu na kuka ba dalili, wani saurayi ya ja tsokar cinya saboda yana gasa da na kusa da shi. Jiki magayi. Ni ranar da ƙuguna ya fara yi mini magana na gaya wa malamin ashtanga, na zauna ina kallo ina rubutu, kuma an ƙirga mini awar.

A wannan makon aka fara sa mu koyar da juna, kuma a nan na gane cewa iya yi daban, iya faɗa daban. Ka tsaya gaban mutane ka ce su ɗaga hannun dama alhali kai kana fuskantarsu, ka tuna wace ƙafa aka yi wace ta rage, ka ƙirga numfashi, ka lura da wanda fuskarsa ta canza, duk a lokaci guda. An koya mana a fara umarni da aikatau, a ambaci gaɓa, a faɗi inda za ta nufa, a yi shiru. An kuma ja mana kunne kan taɓa jikin ɗalibi: a nemi izini tukuna, a kowane aji, domin wannan fanni ya sha fama da malaman da suka ci amanar ɗalibansu da sunan gyara musu tsayuwa. Jarrabawar ƙarshe kashi biyu ce, ta rubutu kan sunayen asana da rukunan nan takwas da tsokoki, sai ta aiki inda kowa ya tsara darasin rabin awa ya koyar da 'yan ajin. Bakina ya bushe, muryata na rawa, amma na gama. Babu wanda ya faɗi a cikinmu, har wanda ya yi fashin darussa da yawa, kuma wannan ya gaya mini nauyin takardar da aka miƙa mana da furanni a wuya. Kafin na bar ofis na duba an rubuta sunana daidai da na fasfo, da adadin awanni, da ranaku, da sa hannun babban malamin.

Rajistar Yoga Alliance daga gida na yi ta, a zama ɗaya. Na buɗe asusu a shafinsu, na zaɓi makarantar daga jeri, na ɗora hoton satifiket, na amince da ƙa'idojin ɗa'a da iyakokin aiki, na biya kuɗin shiga da na shekara da katin banki. Ana kuma neman ka rubuta ra'ayinka kan makarantar, a nan na faɗi maganar cunkoson aji da raunin darasin sassan jiki. Sai da makarantar ta tabbatar da sunana daga ɓangarenta kafin ya bayyana, kuma sai da na tuna musu. Kuɗin shekara ba ya ƙarewa, ranar da ka daina biya ranar za ka daina amfani da haruffan, amma satifiket ɗinka yana nan daram domin makaranta ce ta ba ka, ba su ba. Wani abin lura: tun 2016 ƙungiyar ta hana masu rajistarta fakewa da sunanta suna kiran kansu masu warkarwa da yoga. Wannan fanni ne daban, horonsa a IAYT, ƙungiyar masu warkarwa da yoga ta ƙasa da ƙasa, ba ya gaza awa 800.

Wurin motsa jikin da ya fara ɗaukata bai ko buɗe satifiket ɗin sosai ba. Abin da manajan ya nema shi ne shaidar horon taimakon gaggawa da farfaɗo da zuciya, da inshorar da za ta kare ni idan wani ya ji rauni a ajina, sannan ya ce in koyar da ma'aikatansa na minti ashirin yana kallo. Dokoki kan inshora da rajistar sana'a sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya binciki na inda yake. Aka ba ni ajin da ba wanda ke so, na sassafe a tsakiyar mako, wani lokaci mutum biyu su zo, wani lokaci in nannaɗe tabarmata in tafi. Biya kuma bisa aji ne, ba albashi ba, shi ya sa ban ajiye aikina na ofis ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya ajiye nasa a shekarar farko.

Waɗanda suka zo ajin ba su yi kama da 'yan ajinmu na Rishikesh ba ko kaɗan. Can matasa ne masu laushin jiki, nan kuwa dattijuwa ce da ba ta iya zama a ƙasa, da magidanci mai hawan jini, da mai juna biyu da ba ta faɗa ba sai da na tambaya. Darasin da na ci jarrabawa da shi bai yi musu amfani ba. Na koma na karanta abin da aka wuce da sauri: mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba da mai hawan ruwan ido ba a sa su kifa kai ƙasa, mai zaizayar ƙashi ba a sa shi sunkuyo mai zurfi ko murɗa mai ƙarfi, mai juna biyu ba ta kwanciya rub da ciki kuma ba ta riƙe numfashi. Na tsara wata 'yar takarda da kowane sabon ɗalibi ke cikewa kan ciwo da tiyata da magunguna, na kawo kujeru cikin aji. Wata rana dattijuwar ta ce mini, "Ɗana, ka rage surutu, ka bar mu mu ji numfashinmu." Na rage. Idan kuma wani ya kawo mini ƙorafin ciwon da ke sauka ƙafa da dindiris, ba na gwada masa komai, likita nake tura shi.

Ga wanda ke shirin bin wannan hanya, kada ya je horon malamai don ya koyi yoga, ya je ne bayan ya daɗe yana yi a ƙarƙashin idon wani, domin wata guda na cusa ilimi ba ya zama a jikin da bai saba ba. Idan akwai horon da ake rarrabawa a ƙarshen mako na tsawon watanni, yana da fa'idar da na-zube ba shi da ita, saboda ana samun lokacin gwadawa a dawo da tambaya. Wanda ya zaɓi Rishikesh ya tuna damina tana kamawa daga Yuli zuwa Satumba da zaftarewar ƙasa a hanyoyin dutse, Disamba da Janairu kuma sanyi ne mai shiga ƙashi a ɗakunan da ba su da abin ɗumamawa. A kasafin kuɗi a sa biza, rigakafi, inshorar tafiya, taimakon gaggawa da rajista, domin idan aka haɗa su ba ƙaramin abu ba ne.

Tun ajin farko a buɗe littafin rubuta awanni: rana, wuri, tsawon darasi, yawan mutane. Yoga Alliance na neman duk shekara uku mutum ya nuna ya koyar na awa 45 ya kuma ƙaro ilimi na awa 30, kuma awa 1,000 ɗin nan na harafin E ba a tuna su da ka. Ni yanzu ina tara kuɗin horon awa 300, na kuma fara aika wa makarantu tambayoyi: wa ke koyar da sassan jiki kuma me ya karanta, awa nawa babban malamin zai kasance a aji da kansa, mutum nawa ne iyakar aji kuma za a rubuta shi a yarjejeniya, sannan an taɓa hana wani satifiket? Biyu sun riga sun fita daga jerina a kan tambayar ƙarshe.